Wasa Na Ce

Zuhaira ta zo gidan shari'a na Tanut karɓar takardar gona, sai idonta ya tsaya kan wani dattijo da aka kira shaida. Dogo ne siriri, rawaninsa ya koɗe, tafin hannunsa duk kanta irin ta mai jan guga. Samari uku ake tuhuma da caca ranar kasuwa, ga kartarsu zube bisa tebur. Dattijon ko kallon kartar ba ya yi, sai ka ce mushe aka ajiye masa. Zuhaira tana raya wa ranta, wataƙila karta ta taɓa cinye masa ɗa, ko garke.

Alƙali ya tambayi abin da ya gani.

"Na gan su a inuwar itacen bedi suna wasan karta."

Tafinta zai mayar da maganar zuwa Faransanci, inda wasa da caca kalma ɗaya ce. Ya ce, "Wato caca ke nan, Baba."

Dattijon ya ɗaga yatsa. "A'a, ɗana, wasa na ce. Ban ga an zuba ko dala ba. Mayar masa yadda na faɗa."

Sau uku ana juya masa tambayar, bai ƙara ba, bai rage ba. Babu wani shaida bayan shi, aka sallami samarin.

A bakin ƙofa ɗayansu ya durƙusa zai yi godiya. Dattijon ya janye hannunsa.

"Tashi, marar kunya. Wallahi na san caca kuke yi. Amma abin da na gani aka tambaye ni, ba abin da na sani ba."