Mutumin da Ya Ƙirga Yatsun Kojo

Kullum bayan asuba Idrissa yakan sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan da yake haya a Stapleton, ya kunna ƙwan lantarki ɗaya, ya bi kayan kiɗansa da tsumma yana goge musu danshi. Daga nan ya sa rigarsa shuɗiya ya hau bas zuwa wani gidan jinyar tsofaffi da ke bakin ruwa. Shekara ashirin da shida yana can yana tura keken marasa lafiya, yana juya waɗanda ba sa iya juya kansu, yana kwashe abin da 'ya'yansu ba za su iya kallo ba. Juma'ar da ta wuce ya ajiye aiki, saboda hannuwansa sun fara rawa.

Mutumin Damagaram ne, ɗan mai sassaƙa gurmi. Na san shi a jirgin ruwan St. George, ranar da na gan shi rungume da wani abu kamar ƙwarya mai dogon wuya, na bi shi da tambaya har gida. A ɗakin nan ya koya min cewa molo da gurmi tsirkiyarsu kwance take, sai an danne ta da yatsa, amma akwai wani dangi da Bature ke kira harp, wanda tsirkiyoyinsa ke tsaye cikin iska, kowace da muryarta guda. Ya nuna min bolon mai uku, da seperewa ta mutanen Ghana, tasa mai goma, da kora mai ashirin da ɗaya, da wata 'yar ƙarama ta Turawa da ake ɗorawa a cinya, mai ashirin da biyu. Ya ce babbarsu tana da arba'in da bakwai. Na daɗe ina tunanin mutumin da ya kai arba'in da shida ya ga bai isa ba.

Bara aka kawo wani dattijo gidan jinyar. An tsince shi a tashar jirgin ƙasa, jini ya buge shi, ɓarin dama ya mutu. Likita ya ce wurin magana a kansa ya lalace, ba ya faɗa, ba ya fahimta. Katin da ke aljihunsa ya ce sunansa Kojo, ɗan Ghana. An sanar da 'yan Ghana, suka zo suka leƙa, ba wanda ya san shi. Hamdatu, wata 'yar Zangon Kumasi da ke aiki tare da Idrissa, ita ta fara faɗa.

"Baaba Idi, mutumin nan ba Kojo ba ne, I swear. Takardun aro ne. Mai sunan ya koma gida tuntuni, ya bar mishi."

Duk mun san irin wannan. Kuma mun san inda birnin nan ke kai gawar da ba mai ita: tsibirin Hart, cikin akwatin katako, a dogon rami, wani bisa wani. Likita ya ce dattijon ba zai wuce wata guda ba. In ya mutu haka, ba wanka, ba salla, kuma da sunan wani.

Abu ɗaya ne ke motsi a jikinsa, hannun hagu. Ma'aikata sun rubuta cewa karkarwa ce. Idrissa ya tsaya da farantin abinci yana kallon yatsun suna tsinkar bargo, ya ce a ransa wannan kiɗa ne. Washegari ya zo da seperewa, tunda kati ya ce Ghana, ya kara ta a hannun. Yatsun suka shafa suka janye. Ya kawo kora, suka ɓace a cikinta. Ya kawo bolon, suka taɓa uku, suka miƙa neman ta gaba, suka faɗa iska.

Hamdatu ta ce, "Baaba, gobe kuma me? Piano za ka ɗauko a kai?"

Ya ce, "Bon, 'yata, ki yi dariyarki. Amma ki ƙirga tare da ni."

Suka ƙirga. Hannun yakan je wuri biyar ya dawo, kuma yana miƙewa ƙasa-ƙasa, kamar abin kwance yake a gabansa. Nan Idrissa ya tuna. Yana yaro ya bi mahaifinsa N'Guigmi sayen banda, ya ga masunta na tafkin Chadi da wani abin kiɗa mai siffar kwalekwale, tsirkiya biyar, suna ce masa biram. Sau ɗaya ya gan shi, shekara hamsin da wani abu da suka wuce.

Ba inda zai saya, sai ya sassaƙa. Ya samo guntun itacen da iska ta kayar a wani lambu, ya sayi fatar akuya wajen mahauta, ya ɗaura zaren kamun kifi. Kwana tara yana yi, da hannun da ya riga ya fara ƙin bin umarninsa. Gizago ya sare shi sau biyu. Ina zaune a gefe ina riƙe masa itacen, na ce, "In ka gama ka tarar ya tafi fa?" Ya ce, "Dattijo, riƙe da kyau, kana karkata min."

Ina ɗakin ranar da ya ɗora shi a kan gadon. Yatsun suka lalubi ta farko, suka bi har ta biyar, suka dawo. Wani kiɗa ya fito, siriri, mai tafiya kamar ruwa a gindin jirgi. Hawaye ya gangaro wa dattijon ta idon da ke da rai. Hamdatu ta ɗauka a waya, ba ta ƙara tsokanar kowa ba ranar.

Idrissa ya kai hoton bidiyon titin 116 a Harlem, shago shago, har ya dace da Aminatou, 'yar Diffa, can yankin N'Guigmi, mai sayar da busasshen kifi. Ta tura wa mutanen garinsu. Bayan kwana uku aka kira. Wata tsohuwa ce, Fanna, daga N'Guigmi. Ta ce fuskar ba ta gane ta ba, amma kiɗan na mahaifinsu ne, kuma mutum ɗaya ya koya wa, wanta Boubacar, wanda suka yi wa sadakar mutuwa shekara goma sha tara da suka wuce. Aka kara masa wayar a kunne, ta yi ta kiran sunansa. Allah kaɗai ya san ko ya ji.

Ya rasu bayan mako guda. Idrissa ne ya yi masa wanka. Mu goma sha ɗaya muka sallace shi, aka binne shi a maƙabartar Musulmi a New Jersey, da sunan da ubansa ya raɗa masa.

Idrissa, kai ne ka tsaya inda kowa ke wucewa da sauri. Kai ne ka ɗauki karkarwar bawan Allah a matsayin zance, ka saurara har ka gane. Mai kunnen tsirkiya, mun gode. Allah ya saka maka, ya ba ka mai tsaya maka ranar da naka hannun zai tsaya.

Ku kuma da ke karanta wannan, gidajen jinyar birnin nan ba su rasa namu da ke kwance da sunan aro. Ku je, ku zauna, ku kalli hannuwansu. Idrissa ba zai ƙara sassaƙa wa kowa ba, yanzu ko kofin shayi da hannu biyu yake ɗauka.

Jiya na same shi a ɗakin ƙasa, biram ɗin na rataye a bango. Na ce masa ni ban iya kiɗan komai ba, in tawa ta zo haka, da me zai gane ni?

Ya ce, "To faɗa min sunanka na gaskiya, tun bakinka yana aiki."

Na faɗa masa. Ya maimaita sau biyu don kada ya manta.