Su wa za su kalli fim ɗin Hafsat?

"Baba, ai fim ɗin binciken kisa na samari ne," in ji 'yata Hafsat. Malaminsu na jami'a ya dawo musu da fim ɗin da suka haɗa, ya ce babu maki sai sun gano masu kallonsa.

Na yi dariya. A sakandare na tsaya, amma tun shekarar da soja suka koma bariki nake ba da hayar kaset a unguwar Koki, yanzu kuma ina tura finafinai a waya.

Na ce, "Samari ƙwallo suke nema. Irin wannan matan aure ke aikowa a sa musu, kuma da kunne suke bi, hannu na kan tukunya. Naku duk shiru ne."

Da ƙyar suka yarda suka ƙara magana a fim ɗin, na tura wa gidajen layinmu.

Washegari Hajiya Balaraba, maƙwabciyarmu, ta tare Hafsat a soro: "Ke 'yar nan, direban ne ya kashe shi ko? Miyata ta ƙone saboda ku!"

Da izininta Hafsat ta naɗi muryar ta kai wa malamin. Alhamdulillahi, sun ci!

A gidanku, wa ke fara gano mai laifi?