Kalmomin Sirrin 'Yan Hayar Kawu

Ƙanen mahaifiyata yana da gidan haya a Ayigya Zango, dogon gini da ɗaliban jami'a ke cikawa duk shekara. Mu a unguwar Asawase muke zaune. A lokacin na gama karatun kwamfuta, ina aiki a wani ƙaramin kamfani mai gina shafukan intanet, kuma a dangi an ɗauka duk abin da ke da allo ko maɓalli aikina ne, daga waya har talabijin.

Wata safiyar Asabar kawu ya kira ni. Ya ce shafin gidan hayarsa ya ƙi karɓar wata yarinya. Ban ma san yana da shafi ba. Ashe wani tsohon ɗan hayarsa ne ya gina masa kafin ya gama karatu ya koma Accra, don ɗalibai su riƙa neman ɗaki, su kai ƙorafin famfo ko wuta ba sai sun buga masa ƙofa ba. Na ɗauki kwamfutata na hau trotro, ƙaramar bas ɗin haya.

Na same shi a barandar gidan, kan kujerar roba, yarinyar tana tsaye gefe da jakarta. Sabuwar ɗaliba ce daga Tamale.

"Ɗiyata, duba mana," in ji kawu. "Kowa ya rubuta sunansa ya shiga. Ita kaɗai injin ya tsana."

Na ce ta sake rubutawa ina gani. Sunanta irin namu ne na Musulmi, mai ɗan waƙafin nan na sama a tsakiya. Tana danna maɓalli, shafin ya zubo wani dogon rubutun kuskure, har da sunan rumbun bayanai da na teburan cikinsa.

Da na buɗe rubutun manhajar na ga dalili. Duk abin da mutum ya rubuta a gurbin suna, manhajar tana ɗaukarsa ta liƙa shi kai tsaye cikin umarnin da take aika wa rumbun. A yaren rumbun kuwa, wannan ɗan waƙafin yana nufin magana ta ƙare. Sai ya karanta rabin sunanta a matsayin suna, sauran rabin a matsayin umarni, ya rasa gane shi. Yarinyar ba ta nufi komai ba. Amma wanda ya san kan abin zai iya rubuta umarni na gaske a wannan gurbin, rumbun ya yi masa biyayya. A ciki kuma akwai lambobin wayar ɗalibai da na iyayensu, da hotunan katin shaidarsu, da ɗakin da kowace yarinya ke kwana.

Na bayyana wa kawu iya yadda zan iya. Ya ce, "To, a hana masu irin wannan suna sa waƙafin mana."

Na ce ba sunan ne da laifi ba. Na ce wa yarinyar ta dawo an jima, na zauna a tabarmarsa har azahar ina bin kowane gurbi, ina raba umarni da abin da mutum ya rubuta, ta yadda umarnin zai isa rumbun shi kaɗai, rubutun ya biyo baya a matsayin rubutu kawai, ko me ke cikinsa. Na kashe saƙon kuskuren da ke tona asirin rumbun ga kowa. Na tarar shafin yana shiga rumbun da babban iko, wanda zai iya goge komai, sai na yi masa ƙaramin asusu mai iya karatu da rubutu a inda yake buƙata kawai. Matar kawu ta aiko mana da wake da shinkafa a ganye, muka ci.

Bayan sallah na kai ga teburin masu amfani da shafin. Kalmomin sirrinsu suna nan a fili, kowace kusa da sunan mai ita. Wasu sun sa ranar haihuwa, wasu sunan uwa, wani ya sa sunan wata yarinya da na ga ita ma tana cikin jerin, a ɗaki na kusa da nasa.

"Kawu, kana ganin waɗannan?"

"Ƙwarai. In wani ya manta, ni nake karanto masa."

Na ce zan canza tsarin. Manhajar za ta riƙa niƙa kalmar kamar yadda ake niƙa masara, ta ajiye garin kawai. In mutum ya dawo ya rubuta kalmarsa, a sake niƙawa a gwada gari da gari. Daga gari ba a komawa ƙwaya, don haka ba ni, ba shi, ba ɓarawo, babu mai iya karantawa. Wanda ya manta, a aika masa saƙo ta waya ya zaɓi sabuwa.

Bai ji daɗi ba. Ya ce gidan nasa ne, kowane ɗaki yana da mabuɗinsa a aljihu, kuma bai taɓa shiga ɗakin kowa ba tare da dalili ba. Na ce na sani. Na ce mabuɗin ɗaki ƙofa ɗaya yake buɗewa, kuma tasa ce, amma yawancin yaran nan kalma ɗaya suke sa wa a ko'ina, a imel, a shafin makaranta, a waya. Ya ce wannan damuwarsu ce. Muka bar zancen a nan, domin ba a ja da kawu fiye da haka.

Da la'asar yarinyar ta dawo. Ta rubuta sunanta da waƙafinsa, shafin ya karɓa. Ta zaɓi kalmar sirri tana kare allon da tafin hannu. Kawu, cikin son ya kyauta mata, ya ce, "In kin manta kada ki damu. Ki zo wurina in duba miki."

Ta ɗago kai. "Baba, kana iya gani?"

"Duk ina gani."

Sannan ta juyo wurina ta tambaya da ƙaramar murya, rabi Hausa rabi Turanci, ko za ta iya canza wadda ta sa yanzu. Na nuna mata wurin. Ta canza, ta yi godiya, ta ɗauki jakarta ta hau sama ba ta sake kallon kowa ba.

Kawu ya daɗe yana juya carbinsa. Can ya ce, "Ni me na yi mata?"

Ina haɗa kayana zan tafi ya ce in yi wannan niƙan da nake magana, amma in sani duk wanda ya manta kalmarsa ni zai turo wa. Haka kuwa ya yi na ɗan lokaci, har yaran suka saba da saƙon waya.

Na ci gaba da zuwa jefi-jefi. Ina sabunta manhajojin da shafin ya dogara da su, ina duba kwafin rumbun da na sa ake ajiyewa a wani wuri daban, wani lokaci in maido da shi a kwamfutata don in tabbatar yana buɗuwa. Wata rana na nuna wa kawu bayanan masu ziyartar shafin. Akwai dogon layi na gwaje-gwaje daga ƙasashe masu nisa, ana cusa waƙafi da guntayen umarni a gurbin suna, ana gwada kalmomin sirri ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya shiga.

Ya sa tabaransa ya duba sunayen ƙasashen. "Wa na sani a can?"

Na ce babu kowa. Injuna ne ke yawo suna taɓa kowane shafi, ba su san shi ba, ba su san Ayigya ba.

Ya cire tabaran ya mayar aljihu. Ya ce famfon bayan gida yana ɗiga tun jiya, ya tashi ya tafi neman mai gyara.