Kwamfuta Ta Ƙone, Rahoto Yana Nan

Dogo ne siriri, mai kula da kwamfutocin ofis, waya rataye a wuyansa, yana girgiza ƙafa a bayan sakatariya. Kwamfutarta ta ƙone, ga manaja na jiran rahoto.

"Yaya, koma kan waccan kwamfutar, ki sa kalmar sirrinki," in ji shi.

"Ta wani ce fa, ƙanena! Me zan tarar?"

Tun da daɗewa shi ya karkatar da foldar kowa zuwa babbar kwamfutar ofis don ajiya, ana ta masa tsiya wai ya cika shisshigi. Tana shiga, sai ga fayilolinta suna fitowa, har da rahoton.

Ita ajiyar zuciya ta yi. Shi kuwa tsalle yake yana tafi, kamar mutumin da ya taɓa rasa nasa fayilolin.