Kunnen Aro

Shekarun baya na yi wata wauta wadda har yau in ta faɗo mini a rai ina cikin cin tuwo, sai in tsame hannu. Ni da wauta mun daɗe tare. Aji biyu na yi a lakwal, makarantar boko, anka koro ni don na ɗaure wa malam akuya a ƙafar tebur, mahaifiyata ta ce daman ba ta sa rai ba. Sauran wautata duk dariya ta bari a baya. Wagga ita ce ta rufe wa mutum rumfar da yake ci da iyalinshi.

Mutumin abokina ne, kuma taubashina, ɗan kawuna. Kun san tsakanin taubasai. Ni in ce bawana ne, shi ya ce ni ne bawanshi, har munka yi furfura ba a raba gardamar ba. Bakanike ne a bakin babban titi nan Konni. Ni kuma ina tuƙa wata tsohuwar mota, bashe, mai buɗaɗɗen baya, ina kai albasa da 'yan kasuwa Tsarnawa da Illela.

Delko anka san shi da shi. Ga wanda bai san tsohuwar mota ba, delko shi ke raba wa buji, wato fulogi, wuta, kowane a lokacinshi. In wutar ta riga lokaci, mu ce abansi ya yi yawa, kana ba mota wuta za ka ji kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. In ta makara, mota ta yi nauyi, ta yi zafi, ta sha mai a banza.

Na sha kallonshi yana aikin. Zai cire buji na farko, ya toshe ramin da babban yatsa, a juya inji a hankali har iska ta turo yatsan. Sannan ya zura delko, ɗan hannun da ke juyawa a ciki ya kalli wayar farko, ya jera wayoyi yana faɗi kamar mai karatun allo: ɗaya, uku, huɗu, biyu. Ba ya ƙarasa ɗaure noti. Sai an tada mota ya kama delko yana murzawa kaɗan-kaɗan, yana saurare. Nan sana'ar take. Tsakanin daidai da kuskure bai fi ƙwayar gero ba, kuma kunne ke gane shi. Samari sun buɗe gareji gaba kaɗan, suna da wata fitila mai walƙiya ta wannan aiki, amma direbobi tun daga Malbaza suna wuce su, suna cewa kunnen tsoho ya fi fitila.

Ni kuwa duk ranar da babu lodi ina rumfarshi, bisa wata tsohuwar kujerar mota, ina shan shayinshi ina zaginshi. Ina da wani hali na tsohon direba: in inji na kuka sai in yamutsa fuska kamar na tauna yashi, in ya daidaita sai in gyaɗa kai, ban ma san na yi ba. Wajen shekara biyu na lura duk ya zo wurin murza delko sai ya ɗago ya dube ni. Na ɗauka kuri yake mini, wai ka gani, bawa? In ba ni nan kuma sai ya ce wa mai mota ya dawo da la'asar, inji ya huce. Ya fara magana da ƙarfi. Ka tambaye shi gida ya ce maka kasuwa da godiya. In na tsokane shi ya ce kamiyon, manyan motocin siminti, ne sunka hana mutum jin komi a titin nan. Duk na gani, ban fahimci komi ba. Jakin amalanke ya fi ni lura.

Wata rana da hantsi wani alhaji mai motocin haya ya zo da kanshi, shi da direbanshi, da sabon delko cikin kwali. Yana da tsofaffin motoci da dama, in wagga ta yi kyau sauran ma nan za a riƙa kawo su. Masu shayi da 'yan kallo sunka taru. Taubashina ya matso kusa da ni, wai raɗa yake, amma har mai tsire ya ji.

"Bawa, yau kar ka motsa daga nan."

"Don mi? Matarka ce ni?"

"Zauna dai, ɗan banza."

Ya yi aikinshi tsaf, babu wanda zai yi ya fi shi. Anka tada mota, ya fara murzawa. Inji ya zo daidai, yana gurnani a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Ya ɗago ya dube ni. Nan shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa. Na ce bari in rage mashi girman kai gaban alhaji. Na yamutsa fuska.

Ya tsaya. Ya aza tafin hannu bisa jikin motar, ya daɗe, ya sake dubana. Na ƙara yamutsawa har da girgiza kai. Sai ya ci gaba da murzawa wajen abansi. Direba ya ba ta wuta, tsakuwa ta fara rawa a gwangwani, ko mai tallar nono da ke wucewa ta ji. Ni kuwa na washe baki ina gyaɗa kai. Jira nake ya jefe ni da sifana ya ce Allah ya tsine wa bawan da bai san inji ba, kowa ya yi dariya.

Ya ɗauki sifanar, ya ɗaure noti. Ya share hannu da tsumma ya ce, "Alhaji, ta yi."

Babu wanda ya yi dariya. Ya juya baya yana tattara kayan aiki, direban ya ce, "Baba, ba ka ji tana kuka ba?" Shiru. Ya sake faɗi da ƙarfi. Shiru. Alhaji na tsaye taki biyu daga bayanshi, ya kira sunanshi har sau uku. Sai da ya dafa mashi kafaɗa sannan ya zabura ya juyo. Ya bi fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, ya ƙare a kaina. Da fushi na gani a idonshi da na ji sauƙi.

Alhaji mutumin kirki ne. Ya ce, "Babu komi, malam. Allah ya ba da lafiya." Sunka ja mota tana kuka, muna kallo sunka shiga garejin masu fitila. Na miƙe ina cewa wasa ne, wallahi wasa nake. Ba bakina yake kallo ba, don haka bai ji ba.

Kafin sati ya zagayo, duk tasha an san kunnen tsoho ya mutu. Kafin damina ya kwance kwanon rumfar, ya kwashe iyali ya koma ƙauyensu wajen Bazaga yana noma gero. Ni kuwa, jarumin maza, na yi fiye da shekara ina kauce wa hanyar.

Da abin ya hana ni sakewa, na rasa da wace fuska zan je, sai na kwance notin delkon bashe tawa da hannuna, na goce shi kaɗan, na ja ta tana tari har ƙofar gidanshi. Ya fito da hauya a kafaɗa, ya rame. Ya buɗe gaban motar, ya duba, ya ce, "Noti ba ya kwance kanshi, bawa. Ga sawun sifanarka nan." Amma ya kama delkon. Ya murza, ya dube ni, na gyaɗa kai na gaskiya, ya ɗaure.

Munka zauna ƙarƙashin iccen bedi, anka kawo fura. Ya ce, "Ban taɓa yi maka godiya ba. Shekara biyu kana zuwa kana ara mini kunne. Ba ka faɗa wa kowa ba, ni kaina ba ka taɓa nuna mini ka sani ba. Ko wanda munka fito ciki ɗaya sai haka."

Na aje furar. Shi zato yake rufa mashi asiri nake zuwa yi, alhali shayi ke kai ni. In na ce ban sani ba, na ƙwace mashi shekara biyu na alherin da yake riƙe da shi. In na yi shiru, ya zama da saninta na kunyata shi gaban jama'a. Na duƙar da kai don kar ya karanta fuskata.

Damina biyu bayan haka ya rasu. Na tsaya a sahun gaba, na zuba mashi ƙasa. Har gobe ina tsokanar mutane, hali ba ya barin mai shi. Sai dai yanzu in mutum ya cika dubana yana cikin aiki, nakan bar wasa in duba ko wani abu yake nema ya kasa roƙo. Bashe ta tsufa, ba ta fita, amma ban yarda kowa ya taɓa delkonta ba. Yana nan inda ya ɗaure shi.

Ran nan da na kai mashi bashe ƙauye, da na tashi tafiya, ya rako ni har bakin mota. Na tada ta, ya aza hannu bisa jikinta yana jin motsinta. Sannan ya leƙo ta taga, ya yi maganar a hankali, irin yadda ya daɗe bai yi ba.

"Abu ɗaya dai na kasa ganewa, bawana. Ranar alhaji, gajiya ka yi da ni?"