Na Je Madani Neman Mahaukata

Matan unguwa, kun dame ni da tambaya, to ga labarin, ku bar ni in huta.

Kun san Rashida ɗiyar ƙanena Bello ta gama karatun ilmin nafs, wato sanin halin zuciya da tunanin mutum. Yanzu wai ƙari take so, majistir, wato digiri na biyu, a wata makaranta a Madani. Bello ya ce ɗiyarsa ba za ta zauna cikin mahaukata ta kwaso mana iska ba. Wannan fa Bellon da tun da yaƙi ya koro shi daga Khartum yake kwana da takalmi a ƙafa, ko murfin tukunya ya faɗi sai ya miƙe tsaye. Ya ce: "Yaya, ke za ki je ki gano. In kin ga mahaukaci ko ɗaya, magana ta mutu." Ni da ko kasuwar Sinnar sai an ja ni, ni aka naɗa 'yar leƙen asiri.

Mai Wurno zuwa Sinnar

Muka fito ni da Rashida bayan sallar asuba, na ɗaure habbatus sauda da turaren wuta a bakin mayafi saboda iskokin da zan tarar. Hafila, wato bas ɗin haya, ta cika, aka ɗora mini buhun albasar wani a cinya, aka kuma karɓi kuɗin kujera cikakke. Yaron mota ya tambayi Rashida abin da ta karanta. Tana faɗa, direba ya juyo, ya saki hanya.

"Diktora, to me nake tunani yanzu?"

Na ce: "Ɗana, ni da ban yi boko ba na sani. Ba ka tunanin hanya. Juya!"

Sinnar zuwa Wad Madani

Muka sha shayi kusa da tasha, ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa. A babbar mota Rashida ta zauna yi mini bayani. Wai karatun reshe-reshe ne. Akwai na makarantu, a gano abin da ke hana yaro fahimta. Akwai na ma'aikata, a gano me ya sa ba sa son aiki, abin da ni zan faɗa musu kyauta. Akwai na nasiha ga ma'aurata da iyali. Sai na asibiti, wanda ya fi tsawo, ana zama da marasa lafiya, shi kuwa ranta ke so. Akwai kuma difloma gajera ga mai gaggawa.

Na ce: "Ki ɗauki na ma'aurata mana. Unguwarmu kaɗai ta ishe ki har tsufa."

"Gwaggo, wannan ai kin riga ni kama kasuwar."

A shingen bincike soja ya duba katinta, ya ji abin da ta karanta. Sai ya rage murya ya ce shi fa ba ya barci. Ta ba shi amsa a hankali, fasinjoji suna ta tsaki. Ni dai na ce a raina, ba mu ma isa ba an fara.

Madani

Muka sauka gidan Hajja Zainabu, ƙawata tun muna 'yan mata. Ta cika mu da kisra, gurasar dawa mai fale-fale, da miyar kuɓewa, ta kuma ce in na shiga makarantar kada in haɗa ido da kowa.

Da safe raksha, keke mai ƙafa uku, ta kai mu makarantar. Na zata zan ji ihu da ƙarar sarƙa. Sai bishiyoyin maina da ofisoshi da wani magatakarda da ya tafi karin kumallo, da alama can garin Sinja mai nisa yake karyawa. Rashida ta bi layi, ni na zauna a benci ina murna zan koma da labari mai daɗi.

Sai ga shi. Dattijo da silifas, gashi a hargitse, yana kai da komo, yana faɗa da iska, yana nuna bango da yatsa. Ɗaya Bello ya ce, ga ɗaya. Na tuna yarinyar nan da ta yi shekaru tana karatu da fitilar waya, na ji kamar in rufe ido in ce ban gani ba. Amma tausayinsa ya kama ni. Na tashi na kama hannunsa, na tofa masa Fatiha a ka, na cusa masa habbatus sauda a tafi.

"Sannu bawan Allah. Ina masu kula da kai?"

Ya zare wani ɗan abu daga kunne, ashe waya yake. Rashida ta fito ta dafe kai: "Gwaggo! Shugaban sashen ne!"

Mutumin ya yi dariya har ya zauna. Ya sa aka kawo jabana, wato gahawa, ya bayyana wa Rashida sharuɗɗan kowane reshe, ya ce na asibiti sai da jarrabawa da ganawa. Ni kuma na faɗa masa aikin da aka aiko ni. Ya ce: "Hajja, masu zuwa wurinmu yawancinsu da ƙafarsu suke zuwa. Mutane ne masu sallah da noma, sun ga abin da ya fi ƙarfin zuciya. Wani ba ya barci, wani ƙara kaɗan ke firgita shi. Babu irinsu a garinku?"

Na buɗe baki in ce babu. Sai na tuna Bello da takalminsa.

Komawa gida

Muka juyo washegari, wannan karon akuya aka ba ni maƙwabciya. Mun shiga Mai Wurno da la'asar, Bello na kan tabarma, takalmi a ɗaure.

"Yaya, kin ga mahaukata?"

"Na ga guda, shi ne shugabansu, kuma ya fi ka hankali. Babu sarƙa, Bello. Waɗanda suke yi wa magani masu kwana da takalmi ne."

Ya dubi ƙafarsa. Ya ce: "Rashida, wannan na asibitin, shekara nawa ne?"

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Hajja Zainabu. Ranar jarrabawa kuwa ubanta zai raka ta, ni na gama yawo.