Inna Dije da Masu Dariyar da Ba a Gani

Duk wanda zai rubuta tarihin sharhin wasan kwaikwayo a ƙasar nan, in yana tsoron Allah, dole ya ware babi guda don tsakar gidanmu na Wurno. A nan ne kakata, Inna Dije, wadda ba ta san ko kalma ɗaya ta Turanci ba, ta yanke wa wani shirin barkwanci na Ingila hukuncin da har yau ban ji wanda ya ɗaukaka ƙara a kansa ba.

Kafin talabijin ya shigo gidanmu, maraice na Inna ne ita kaɗai. Da an sallame magariba a lokacin sanyi, sai a tura itace cikin murhu, ta miƙe ƙafafu kan tabarma, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai kowa ya wanke hannu, kuma wanda ya yi hamma ita ke zaɓar masa mugun suna a cikin labarin.

Sai ƙanen mahaifina, Baffa Sani, ya kafa farantin tauraron ɗan'adam a kan rufin ɗakinsa. A cikin abin da farantin ya jawo mana har da wani shiri na 'yan mata uku, iyayensu 'yan Indiya da Pakistan, su kuwa haihuwar Ingila. A gida a yi musu magana da yaren iyaye su amsa da Turanci. Su fita da mayafi, su cusa shi a jaka kafin su kai bakin titi. Akwai kuma wata tsohuwa, kakar ɗayarsu, kullum tana biye da su da kwanon abinci.

Gidanmu ya rabu a kan shirin. Baffa Sani ya ce darasi ne na lalacewar tarbiyya, bai kamata a kalla ba, amma shi ke fara tayar da janareta idan lokacinsa ya yi. Yayata Hadiza ta ce 'yan matan jarumai ne, ko da yake na fi zargin takalmansu ne suka burge ta. Anti Rifkatu, ma'aikaciyar jinya 'yar Zuru da ke haya a gidanmu, ita ce tafinta. Sau biyu take dariya, ɗaya da Turanci, ɗaya da Hausa, sannan mu samu namu rabon.

Inna ba ta taɓa leƙawa ba sai da babban ɗanta, Baffa Umaru, likita a Ingila, ya bugo waya cewa zai kawo 'yarsa Nana ganin gida. Shekararta goma sha uku, can aka haife ta, ba ta jin Hausa. Ranar Inna ta ja kujerarta har gaban talabijin, ta zauna kamar mai ɗaukar karatu.

Ba a jima ba ta ɗaga hannu. "Rifkatu, tsaya. Su wa ka wagga dariya? Ni ban ga kowa ba."

"'Yan kallo ne, Inna. Ba a nuna su."

"To mi tsohuwar ta ce da anka yi mata dariya?"

"Cewa ta yi jikarta ta zo ta ci abinci."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Inna."

"Ashe can, ciyar da jika ma abin dariya na."

Har aka gama, mu duk 'yan matan muke kallo. Ita ta ƙirga cewa duk sanda tsohuwar ta buɗe baki sai waɗancan ɓoyayyun sun kwashe da dariya. Ga kuma tata jikar, Nana, na nan tafe daga ƙasarsu.

Washegari a bakin murhu ta kawo mana sabuwar tatsuniya. Wata mata ce a gefen gulbin Rima ta sa wa kazarta ƙwan agwagwa, kamar yadda matan garinmu ke yi. Kaza ta kwanta, ta ƙyanƙyashe. Ta dubi bakinsu mai faɗi, ta dubi ƙafafunsu, ta ce, "Ko mi kunka yi kama da shi, nawa na." Ta koya musu tono, suna yi don kada ranta ya ɓaci. Rannan suka hango ruwa, suka faɗa ciki babu ko sallama. Kaza ta bi gaɓa da gudu tana kururuwa su fito kada su nutse, kwaɗi kuwa a cikin ciyawa, inda ba a ganinsu, sai dariya suke yi.

"Sai me, Inna?" na tambaya.

"Ja'ira, bari in numfasa."

Gaskiyar ita ce ba ta san ƙarshen ba tukuna. Wani maraicen kaza ta yi fushi ta koma gida. Wani maraicen ta faɗa ruwan, kuma ba sai na faɗi yadda aka ƙare ba. Sai ana saura kwana biyu baƙi su iso ta tsayar da magana: kaza ta daina kururuwa, ta samu wuri a gaɓa ta kwanta. Da rana ta faɗi sanyi ya sauko, 'ya'yan suka fito suna rawar ɗari suna neman inda za su shige. Ruwa ya koya musu iyo, amma ba shi da fiffike.

Nana ta iso, doguwa, mai kunya, da zanen da ke kwance mata duk taku uku. Anti Rifkatu ta ce za ta zauna kusa da ita ta riƙa fassarawa. Inna ta ƙi.

"In an sa min tafinta, ni ma na zama tsohuwar talabijin. Ku bar ni da ɗiyata."

Ban taɓa ganin Inna ta yi tatsuniya kamar ta ran nan a bakin murhu ba. Ta yi kukan kaza, ta yi tafiyar agwagwa daga zaune, ta buɗe hannuwa ta yi fiffike. Mu kuwa ba Inna muke kallo ba, bakin Nana muke tsaro. Ba ta yi dariya ba. Da aka zo inda 'ya'yan suka fito daga ruwa, sai muka ga idanunta sun cika, tana sharewa da bayan hannu.

Inna ta jawo ta jikinta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun gani? Ta ji. Jini ba shi bukatar Rifkatu."

Da wannan yaƙinin ta rayu sauran shekarunta, kuma ba ta ƙara kallon shirin ba, don a ganinta ta riga ta ci nasara a kansa.

Yau ni ce a gaɓa. 'Ya'yana a Abuja aka haife su. In kira su da Hausa, su amsa da Turanci. Kwanaki na ci karo da shirin a waya, na ga har yanzu yana da ban dariya, sai dai yanzu tsohuwar nake jira ta shigo da kwanonta. Na fahimci Inna ba don mu ta ƙirƙiri kazar nan ba. Kanta take koya wa yadda ake zama a gaɓa ba tare da kururuwa ba, kuma ni ma da wannan labarin nake lallashin kaina.

Bara na tambayi Nana a waya ko ta tuna abin da ya sa ta hawaye. Ta ce ta tuna sarai. Itacen ɗanye ne, kuma ita aka zaunar ta inda hayaƙin ke bi.